Risala a Kan Hukunce-hukuncen Zaɓen Tukunya

Ka sani, ya kai mai neman fahimta, mutum uku ne ke da hannu a sayen kowace tukunya: mai biya, mai dafawa, da mai kallo. Mai biya kuɗinta yake dubawa, mai dafawa gindinta take dubawa, mai kallo kuwa, wato maƙwabciya ko dangin miji, ba abin da ya dame ta sai ƙyallinta. Da wuya waɗannan uku su taru a jikin mutum ɗaya, kuma daga rarrabuwarsu ne akasarin ɓarnar da ake gani a madafa ta samo asali. Da yake magabata sun yi dogon bayani a kan abin da ake ci, da hannun da ake ci da shi, da lokacin da ake ci, amma suka bar abin da ake dafawa a ciki ba sharhi, na ga ya dace a cike wannan giɓi gwargwadon hali.

Fasali na farko: ma'anar tukunya da abin da ya fita daga cikinta

Tukunya ita ce mazubi mai zurfi wanda ake ɗorawa a kan wuta da niyya, wuta ta taɓa bayansa, abinci ya taɓa cikinsa, ba tare da su biyun sun sadu ba. Kowane ƙaidi a nan yana da aikinsa. Faɗinmu "mai zurfi" ya fitar da kasko da tanda, waɗanda danginta ne na kusa amma gadonsu daban. Faɗinmu "a kan wuta" ya fitar da randa da tulu, ya kuma fitar da kula, wadda take tinƙaho da zafin da wata ta sha wahalar samowa. Faɗinmu "da niyya" ya fitar da kwanon da yaro ya manta a bakin murhu har ya yi baƙi. Faɗinmu "ba tare da sun sadu ba" kuwa ya fitar da ɓulalliyar tukunya, domin ita ta bar wannan babi ta koma babin kwasar toka.

An yi saɓani a kan gwangwanin madara da gwauro ke dafa ƙwai a ciki. Wasu suka ce tukunya ce, tunda sharuɗɗa sun cika. Wasu suka ce a'a, domin ba don haka aka ƙera shi ba. Ra'ayi mafi rinjaye shi ne tukunya ce bisa larura, kuma hukuncin yana faɗuwa ranar da aka kawo amarya.

Mas'alar da ta fi wannan laushi ita ce ta kwalla da samira da ake jere da su a ɗakin amarya. Suna da ciki, suna da murfi, wasu har da hannu, sai dai ba su taɓa ganin wuta ba, kuma duk wanda ya yi yunƙurin nuna musu ita zai gamu da iyayen amarya. Waɗannan dukiya ce aka yi mata siffar tukunya. Da ma iyayenmu mata sukan sayar da su in ta ɓaci. Saboda haka kada magidanci ya leƙa kabad ya ƙirga murfi ashirin, ya ce gidansa ya wadata.

Rukunan tukunya biyu ne waɗanda ba jayayya a kansu: gindi da ciki. Hannu ba rukuni ba ne, domin tukunyar ƙasa ba ta da shi, tsumma ke tsaya mata. Murfi kuwa sharaɗin kamala ne, ba na inganci ba, tunda faifai ko tire na iya maye gurbinsa, kamar yadda aikin mutanen kowane gari ya tabbatar.

Fasali na biyu: jinsunan tukwane

Na ɗaya, tukunyar ƙasa. Ita ce uwa, kuma ba a yi mata gardamar shekaru. A Ounjougou ta ƙasar Mali masu tono sun samu sakainun tukwane waɗanda suka haura shekara 11,000. A ƙasarmu kuma darajar maginan tukwane ta kai matsayin da Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja, a 1954, ta samu digirin girmamawa na Jami'ar Ahmadu Bello a 1977, aka kuma sa hotonta a bayan takardar naira 20. Mai lura zai ga cewa takardar da ke ɗauke da hoton maginiyar tukunya ba ta isa sayen murfin tukunya a yau ba. Amma wannan mas'alar masana tattalin arziki ce, ba mu shiga gonarsu.

Ɗabi'ar tukunyar ƙasa ita ce jinkirin ɗaukar zafi da jinkirin sakinsa. Don haka miya takan ci gaba da ɓararraka bayan an janye itace, don haka kuma masu shekaru ke rantsuwa miyar kuka ba ta yin daɗinta a wani wuri. Ana gwada ta a kasuwa da ƙwanƙwasawa: in ta amsa da ƙara garau, lafiyarta lau, in ta amsa a dushe, akwai tsaga a ɓoye, ko da mai sayarwa ya ce sanyin safiya ne. Aibinta guda ne, ba ta faɗuwa sau biyu.

Na biyu, tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku. A 1707 wani Bature mai suna Abraham Darby ya samu takardar mallakar hanyar zuba tukwanen ƙarfe a cikin yashi a Ingila, abin da ya sa suka yi araha har jiragen fatake suka riƙa sauke irinsu a gaɓar Afirka. Tana riƙe zafi, ba ta tsoron gungumen itace, tana kuma sakin ɗan sinadarin ƙarfe a cikin abinci, wanda jini ke amfana da shi. In an wanke ta a busar, a shafa mata mai, in ba haka ba tsatsa ta kama ta. Wajibi ne mai saye ya san cewa ba wa kansa kaɗai yake saya ba. Wannan tukunya za ta halarci rabon gadonsa, kuma akwai yiwuwar a yi rigima a kanta.

Na uku, tukunyar alminiyam, wadda ita ce mazhabar jamhuru a wannan zamani. Kafin 1886, lokacin da aka gano hanyar tace shi da wutar lantarki, alminiyam ƙarfe ne na sarakuna da masu hali. Yau shi ake dafa wa kaji dusa a ciki, kuma a cikin wannan akwai abin lura ga masu hankali. Falalarsa saurin kai zafi: a ma'aunin masana, inda jan ƙarfe ke da kusan 400, alminiyam yana da kusan 237, ƙarfen zubi kusan 50, silba kuwa, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, bai wuce 16 ba. Wannan jinsi ya rabu biyu. Akwai ta kamfani, mai sheƙi, wadda in ta cika sirantaka takan lotsa daga kallon muciya. Akwai kuma ta zubi, mai kauri, wadda maƙera ke narka tsofaffin ƙarafa su zuba a yashi, irin waɗanda ake yi a Panteka ta Kaduna da kasuwar Katako ta Yamai. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, zafin da gawayi da zuga-zugi ke iya kaiwa, shi ya sa sana'ar ta yaɗu.

Tanbihi, kuma a karanta shi da nutsuwa. Tukunyar zubi 'yar abin da aka narka ce. In a cikin tarkacen akwai abin da ke ɗauke da dalma, dalmar na iya bin miya ta shiga cikin yara, kuma wani bincike da aka buga a 2014 a kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya tabbatar da cewa dalma na fita daga jikinsu. Saboda haka tambayar maƙeri abin da yake narkawa ba rashin kunya ba ce. Haka nan alminiyam ba ya shiri da tsami, ba ya shiri da kanwa. Tumatir da tsamiya suna cin sa ta wannan gefe, kanwa tana cin sa ta wancan. Da yake girkinmu a tsakanin waɗannan biyu yake kai da komo, hukunci shi ne a dafa, a juye, kada a bar miya ta kwana a ciki.

Na huɗu, tukunyar silba, wato ƙarfen da ba ya tsatsa. Harry Brearley ne ya dace da shi a garin Sheffield a 1913, yana neman ƙarfen da zai jure a bututun bindiga. Allah cikin ikonsa ya karkatar da abin zuwa dafa taliya. Lambar 18/10 da ake bugawa a gindinta tana nufin kashi 18 cikin ɗari na sinadarin kuromiyam da kashi 10 na nikel, ba ranar ɗaurin aure ba ce. Ba ta tsoron tsami, ba ta tsoron kanwa, kuma ita ce abar ƙaunar mai kallo. Sai dai, kamar yadda alƙaluman da suka gabata suka nuna, rowar zafi gare ta: inda harshen wuta ya taɓa nan ke ƙonewa, gefe kuwa yana nan ɗanye. Maganin haka shi ne gindi mai kauri wanda aka cusa faifan alminiyam ko jan ƙarfe a cikinsa. Duk tukunyar silbar da ka ɗaga ka ji ta sakayau, ajiye ta, ka yi wa mai shago fatan alheri.

Na biyar, wadda abinci ba ya kama ta, kuma a nan za mu daɗe, domin a nan ƙafafu suka fi zamewa. Asalin baƙin shafen da ke cikinta, Teflon, wani mai bincike ne a Amurka, Roy Plunkett, ya tsince shi bisa kuskure a 1938. Daga baya wani injiniya Bafaranshe, Marc Grégoire, ya shafa shi a kasko, ya kafa kamfanin Tefal a 1956. Ba mai musun cewa ƙwai yana zamewa a kanta cikin ladabi, kuma mai kaɗan ya ishe ta. Amma an ɗaure ta da sharuɗɗa uku: kada zafinta ya wuce digiri 260, kada cokalin ƙarfe ya taɓa ta, kada a dirje ta. Yanzu a dubi madafar da ake hura itacen kirya, ake juya miya da abin da hannu ya fara kaiwa gare shi, kuma yarinyar da ke wanke-wanke ta tashi da aƙidar cewa tukunya ba ta fita sai da toka da soson ƙarfe. Irin wannan yarinya, in aka ba ta sabuwar tukunya mai baƙin ciki, za ta zauna da ita a bakin rariya da kyakkyawar niyya, ba za ta tashi ba sai ta mayar da ita fara tas, sannan ta zo neman yabo.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi, shi ne mas'alar ƙanzo. Ƙanzo shi ne abin da ya rage manne a gindin tukunya bayan an kwashe tuwo ko shinkafa, kuma yana da masu haƙƙi sanannu: yaran gida, mai wanke-wanke, da wanda ya dawo bayan an gama rabo. A wasu gidaje akan busar da shi a adana, a jiƙa, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Tukunyar da aka ƙera musamman don kada komai ya kama ta, tukunya ce da aka ƙera don soke wannan haƙƙi, ba tare da an nemi jin ta bakin masu shi ba. Ban ce a haramta ta ba. Na ce a taƙaita ta ga ƙwai da wainar fulawa, inda babu wanda ke jiran saura.

Na shida, tukunyar tururi mai kulle baki. Denis Papin, wani Bafaranshe da ke aiki a Landan, ya ƙirƙiro kakarta a 1679, ya nuna wa masanan birnin cewa tana mayar da ƙashi laushi. Sirrinta shi ne in aka tsare tururi, ruwa ba ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120, don haka ganda da ƙafar saniya da wake sukan sallama da wuri. Ba a cika ta fiye da kashi biyu cikin uku, in wake ne rabi, kuma ba a buɗe ta sai ta huce da kanta. A nan wata tambaya ta taso. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, amma ba su ambaci tukunyar ba. Ba ta ƙasa ba ce, domin dutse zai fasa ta. Ba ta alminiyam ba ce, domin gindinta zai cinye kafin romo ya fito. Ƙiyasi ya nuna ta ƙarfe ce. Shin wanda ya dafa dutsensa a tukunyar Papin ya samu ladan haƙuri? Zahirin magana ya samu romo, amma bai samu suna ba.

Fasali na uku: haƙƙin wuta da haƙƙin muciya

Duk abin da ya gabata share fage ne ga wannan ƙa'ida: ba mutum ke zaɓen tukunya ba, wutar gidansa ce ke zaɓa, shi ɗan aike ne. Murhu mai duwatsu uku yana neman gindi mai zagaye wanda zai zauna a tsakaninsu. Risho da gas suna neman gindi shimfiɗaɗɗe; in ka ɗora musu tukunyar ƙasa sai ta yi ta gyangyaɗi. Kurfoti yana karɓar kowa, amma yana cin hannun roba. Akwai kuma murhun lantarki na zamani mai fuskar gilashi, wanda ba ya aiki sai da gindin da mayen ƙarfe ke kamawa, don haka mai irinsa ya tafi kasuwa da mayen ƙarfe a aljihu. Alminiyam zalla da jan ƙarfe ba ya ko amsa musu sallama. Wannan murhu yana da wani sharaɗi na biyu, wato a kawo wuta, wanda ba a hannun mai tukunya yake ba.

Bayan wuta sai muciya. Wanda bai taɓa tuƙa tuwo ba yana zaton dafuwa ce. Wadda ta tuƙa ta san kokawa ce. Bayan an yi talge, an zuba gari, tuwo ya fara ƙarfi, mai tuƙi tana jan muciya da hannu biyu, tana danna ta a jikin tukunya don kashe gudaji. Tukunyar da ba ta da nauyi sai ta bi muciya, a yi ta zagaye tare. Mai dogon hannu guda, irin ta Turawa, an ƙera ta ne don abincin da ake motsawa da yatsu uku. Saboda haka kafin a biya kuɗi a yi wa kowace tukunya tambaya ɗaya: in aka tuƙa tuwon dawa na mutum goma a cikinki, za ki tsaya? Shaidar ido ba karɓaɓɓiya ba ce a nan. A ɗaga ta, a juya ta, a ƙwanƙwasa gindinta, a girgiza hannunta a ji ko ƙusa ce ko walda.

Fasali na huɗu: girma

Kuskuren masu lissafi shi ne ƙirga mutanen gida su tsaya. Ƙa'ida ita ce a ƙirga mutanen gida, a ƙara baƙon da bai aiko ba, a ƙara almajiri, a ƙara ɗumamen safe, sannan a bar sarari domin shinkafa tana kumbura kusan ninki uku, wake kuma yana kumfa. Gidan mutum biyar a takarda gidan mutum tara ne a tukunya.

Shubuhohi da warware su

In aka ce: ai hannu ke girki, ba tukunya ba, gwana ko a gwangwani ta dafa sai an lashe kwano. Sai mu ce: gaskiya ne, amma ba a taɓa jin gwana ta faɗi haka ba. Masu faɗin wannan magana su ne masu biya.

In aka ce: saitin guda goma sha biyu a kwali ya fi araha a kan saye ɗaya-ɗaya. Sai mu ce: a cikin sha biyun nan, shida murafe ne, domin haka masu kwali ke ƙirga. A cikin shidan da suka rage, ɗaya ta yi ƙanƙanta ga komai sai ruwan shayi, ɗaya ta yi faɗi ga risho, biyu ba a san abin da ake dafawa da su a wannan nahiya ba. Biyu ke aiki, kuma da kuɗin kwalin da an sayi uku masu kauri: ta tuwo, ta miya, da kaskon suya. Wanda ya ƙara da tanda da madambaci ya kyautata, bai kuma yi almubazzaranci ba.

In aka ce: kakata da tukunya ɗaya ta rayu, ta ciyar da gandu guda. Sai mu ce: a koma a bincika. Za a tarar ɗaya ce tata, sauran huɗun na kishiyoyinta ne, kuma ranar girkinta duk a murhunta suke kwana.

Mas'ala ta ƙarshe: aro

Duk wanda ya sayi tukunyar da ta wuce buƙatar gidansa, unguwa ya saya wa, ko ya yi niyya ko bai yi ba. Labarinta zai riga shi isa gida. Ba za a yi sati ba yaro zai tsaya a bakin zaure ya ce, "Salamu alaikum, wai in ji Mama tana gaishe ki, wai a ara mata babbar tukunya, gobe suna." Ba a san wata amsa ga wannan ba sai, "To, ka ce ina amsawa, Allah ya raya, a dawo da ita da murfinta." Kashi na ƙarshe na wannan jumla addu'a ce, ba sharaɗi ba. Daga gidan suna takan wuce gidan biki, daga can ta wuce gidan sadakar bakwai, kowa yana ara wa na gaba da izinin da ba a ba shi ba, har mai ita ta tura a aro mata tukunyarta daga wata unguwa.

Ma'abota gogewa sun yi ittifaƙi a kan a rubuta suna da fenti, sun kuma yi saɓani a kan wurin rubutun. Masu cewa a gindi an mayar musu da cewa hayaƙi zai shafe shi a girkin farko. Masu cewa a ciki ba a saurare su ba. Abin da aka tafi a kai shi ne a rubuta a wuya, kusa da baki, a maimaita a bayan murfi, kuma a sa sunan da unguwa ta san matar da shi, irin su Maman wane ko Hajiya Babba, domin sunan yanka ba ya dawo da tukunya. In bayan duk wannan ta dawo da murfin da ba nata ba, a gwada shi: in ya rufe, a riƙe, kada a yi cigiya, domin mai shi ma a halin yanzu da na wata take rufe tata.